Na rufe ƙofar sabar ɗina ina Bauchi, makullin kuma yana aljihuna

Akwai wata tsohuwar laftof a saman kabad ɗin ɗakina nan Pantami, allonta ya tsage tun lokacin da babban yarona ke koyon tafiya ya jawo wayar caja ta faɗo ƙasa, toh maimakon in kai ta wajen masu gyara su ce min kuɗin allo ya fi kuɗin laftof ɗin gaba ɗaya, sai na zuba mata Debian, wani nau'in Linux, na rufe murfin na ɗora ta can sama inda hannun yara bazai kai ba. Ita ce sabar imel ɗinmu, wato injin da ke karɓa da aika mana wasiƙu, yau shekara uku kenan. Mu bakwai ne kacal a kanta, ni da uwargida da ƙannena biyu, sai Kawu da ke sayar da wake da riɗi a Tudun Hatsi da yaran shagonsa biyu. Abin da yasa na zaɓi laftof ba babbar kwamfuta ba shine batirinta, in an ɗauke wuta kuma inbata ya yi ƙasa tana iya riƙe kanta wajen awa biyu kafin ta mutu.

Nasan wani zai ce meye na wahalar da kai alhali ga Gmail nan kyauta. Wallahi bani da wata amsa mai ƙarfi. Son sani ne ya fara kaini, daga baya Kawu yace shi ma yana son adireshi mai sunan shagonsa da com.ng a ƙarshe saboda masu sayen kayansa na Legas su riƙa ganinsa da daraja, shikenan abin wasa ya zama nauyi a wuyana.

Bari in ɗan faɗi yadda tsarin yake don labarin ya fito. Intanet ɗin gidana rauta ce mai sim, kuma duk wanda ya taɓa gwada buɗe wani abu daga gida ya san layin waya ba ya baka adireshin IP naka kai kaɗai, ku da yawa ne ake haɗawa a bayan adireshi guda, don haka babu wanda zai iya ƙwanƙwasa maka ƙofa daga waje. Ko da ma an baka, adireshin gida da na waya galibi suna cikin jerin da Spamhaus, masu yaƙi da wasiƙun shara, ke kira PBL, wato adiresoshin da bai kamata a ga imel na fitowa kai tsaye daga cikinsu ba, manyan masu karɓar wasiƙa basa ko sauraronka. Saboda haka na kama hayar wata ƙaramar sabar a Jamus, ita ke da adireshi tsayayye, na haɗa ta da laftof ɗin da bututun WireGuard, wato hanyar sirri tsakaninsu ta cikin intanet. Ni dai zaure nake kiran sabar ta Jamus. Baƙo ya yi sallama a zaure, Postfix ɗin da ke can, wato manhajar da ke karɓa da aika imel, ya karɓi wasiƙar ya miƙo ta cikin gida ta bututun, in kuma mu ne zamu aika sai laftof ta miƙa wa zaure shi ya fitar. Fot 587 da ake shiga a aika wasiƙa da 993 da ake karantawa su kuma zauren na turo su kai tsaye zuwa gida.

In ka buga ip -br addr a laftof ɗin ƙofofi huɗu zaka gani. Akwai lo wadda ta cikin gida ce tsakaninta da kanta, akwai enp2s0 wato kebul ɗin da ya tafi rauta, akwai wlp3s0 wato wayafai, sai wg0 bututun nan. Waɗanda suka fara Linux da daɗewa eth0 da wlan0 suka sani, yanzu sunayen sun koma bin gurbin da katin yake a jikin inji shi yasa suka zama kamar lambar mota. Wayafai ɗin na haɗa shi da wata ƙaramar maifai, wato 'yar rautar aljihu, ta wani layin daban, wai ƙofar baya kenan ko da babbar rauta ta samu matsala. Ku riƙe maganar maifai ɗin nan.

Ranar wata Asabar na je ɗaurin auren wani abokin karatuna a Bauchi. Mun fita Gombe da sassafe mun bi ta Alkaleri da Dindima, ƙarfe goma da wani abu muna Fadaman Mada, an ɗaura aure lafiya an shafa fatiha an shigar da mu wani gida aka jere mana masa da miyar taushe, kuma duk wanda ya san masar Bauchi ya san ba abin da ake ci da gaggawa bane. Ina cikin ci wayata ta fara girgiza a aljihu, ta yi ta sake yi ta sake yi, na ɗauka gurup ɗin abokan ango ne ake turo hotuna. Da na duba sai naga wasiƙun da suka dawo ne, ɗaruruwa, duk daga adireshin shagon Kawu zuwa ga mutanen da ban taɓa jin sunansu ba a ƙasashen da Kawu bai taɓa sayar wa ko mudu ɗaya ba, kan maganar wai an ci gado a zo a karɓa. Gabana ya faɗi. Na wanke hannu na fita na zauna a motar da muka zo da ita na buɗe Termux, manhajar buga umarni a waya, na shiga zaure da SSH, wato hanyar shiga inji daga nesa, daga nan na zarce cikin gida ta bututu.

mailq na buga, layin ƙarshe ya nuna min wasiƙu sama da dubu huɗu na jiran fita. Na sake bugawa bayan sakan kaɗan sun ƙaru. Wani ya samu kalmar sirrin ɗaya daga cikin akawun ɗin shago yana shigowa ta 587 kamar ɗan gida yana zuba shararsa da sunanmu, kuma kowace wasiƙa da ta fita tana fita ne da sa hannun DKIM ɗina, wato shaidar cewa daga gare ni take, da adireshin da na sha wahala kafin manyan masu karɓar imel su fara yarda da shi. Abin da ya zo min a kai kawai shine a datse, a datse yanzu, in yaso a yi bincike daga baya. Na tuna ai ina da ƙofar baya. Sai na rubuta

sudo ip link set enp2s0 down

na danna. Alamar rubutu ta tsaya cak. Na danna enta sau uku ba motsi. A daidai lokacin ne idona ya sauka kan cinyata inda na ajiye maifai ɗin da wayata ke shan intanet daga jikinta, da safe na zare ta daga saman kabad na jefa a aljihu saboda layin wayata baya kamawa sosai a hanyar Bauchi. Ƙofar bayan da nake taƙama da ita gata nan a cinyata tana ƙyafta koren ido.

Zufa ta keto min duk da gilashin motar a sauke yake. Wani abokinmu ya leƙo yace malam lafiya ko wani abu ya faru a gida, nace masa ba komai kwamfuta ce, ya dube ni irin kallon da ake wa wanda ya bar masa da zafinta ya zo yana danna waya ya wuce abinsa.

Da hankalina ya ɗan dawo na zauna na lissafa, ashe ba kuskure ɗaya nayi ba. Na farko dai a fili yake, bututun wg0 ba ƙofa ce mai zaman kanta ba, a kan enp2s0 take hawa ta fita, ni kuma ta cikin bututun na shigo, da na kashe ta ƙasa ta sama ta mutu da ni a ciki. Na biyun ya fi ban haushi, ko da maifai ɗin tana gida ma dabarar bata da amfani, saboda WireGuard baya damuwa da ta wace ƙofa ya fita, da kebul ya mutu zai bi hanyar wayafai ya sake kama zaure, ɓarawon ya cigaba da shigowa sharar ta cigaba da fita kamar ba a yi komai ba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago kenan. Na uku kuma, wasiƙun da laftof ta riga ta miƙa wa zaure suna can a layin zauren suna fita ɗaya bayan ɗaya, kashe ƙofar gida bai taɓa su ba ko kaɗan. Wato na kulle kaina a waje kuma gobarar na ci a inda ban kulle ba.

Alhamdulillahi shi zauren ina iya shigarsa tunda adireshinsa a waje yake. Can na koma na yi abin da ya kamata in fara yi tun farko. postsuper -h ALL ya kama duk abin da ke layi ya ajiye a gefe, ba ya gogewa, riƙewa kawai yake har sai ka ce a saki. Amma akwai abin da mutane ke mantawa, wannan umarnin waɗanda ke layi a lokacin kawai yake kamawa, sabuwar da ta shigo bayansa wucewa zata yi abinta. Don haka na ƙara da

postconf -e defer_transports=smtp

na yi postfix reload, ma'ana duk wasiƙar da zata fita duniya ta tsaya a layi tukuna. Daɗin abin shine wasiƙun da ke shigo mana ta hanyar da ake kira relay suke bi zuwa gida ba ta smtp ba, don haka wannan bai shafe su ba. Daga nan na cire dokar da ke tura 587 zuwa gida a iptables, wato katangar da ke tsare ƙofofin inji, ɓarawo ya zo ya tarar da bango. Duka wannan bai kai minti biyar ba a waya da babban yatsa, kuma da shi na fara da ban taɓa ko wace ƙofa ba.

Saura komawa cikin gida. Uwargida ta tafi suna Kumo da yara, sai ƙanina ne ke da makulli. Na kira shi ina jin ihun gidan kallon ƙwallo a bayansa.

"Yaya lafiya dai?"

"Lafiya lau, kana ina?"

"Ina kallo wallahi, yanzu aka dawo hutun rabin lokaci."

"Dan Allah ka yi haƙuri ka hau mashin ka je gida, akwai abin da zaka danna min, minti biyu ne."

"Yaya wannan kwamfutar taka ce ko? Ba zata jira a tashi ba?"

Gaskiyar magana zata iya jira, zan dawo kan wannan, amma a lokacin ban iya haƙuri ba nace masa kuɗin mai a wuyana har da na tsire. Ya je. Na sa shi ya taka kujera ya ɗaga murfin laftof ɗin, nace ya danna maɓallin kunnawa sau ɗaya ya saki, kar ya danne ya riƙe. Wannan bambancin na da muhimmanci, in ka danna ka saki Linux ɗin ne da kansa zai rufe komai cikin tsari ya kashe, in kuwa ka danne sakan da yawa kamar ka fizge wuta ne, kuma inji na tsakiyar rubuta dubban fayiloli a layin wasiƙa ba lokacin fizge masa wuta bane. Ya ce fitilar ta mutu fanka ta yi shiru, nace ya ƙirga goma ya sake dannawa. Abin da ya cece ni shine ip link ba ya rubuta komai a fayil, abin da ka canza da shi a ƙwaƙwalwar inji kawai yake zaune, da an kashe an kunna komai ya koma yadda aka tsara a /etc/network/interfaces. Da ace fayil ɗin na shiga na goge layin da sai dai in hau mota in dawo Gombe in nemo kebul ɗin HDMI in jona ta da talabijin ɗin falo.

Bayan kamar minti biyu na buga wg show a zaure naga sun gaisa da gida. Na shiga. Sai kuma na tarar da wani abin mamaki, Postfix na gida bai tashi ba sam. A rajistar journalctl ga abin da ya rubuta, fatal: parameter inet_interfaces: no local interface found for 10.8.0.2. Wato ni na gaya masa ya saurara a adireshin bututu kawai, shi kuma ya riga bututun tashi, ya duba bai ga adireshin ba ya yi fushi ya kwanta. Kuskure ne da ya daɗe a ɓoye tunda injin ya fi wata nawa ba a kashe shi ba, amma ranar nan sai ya zama alheri, layin dubu huɗun nan na kwance ba mai taɓa shi. Ko Postfix na kwance mailq na aiki in kai ne root, wato mai cikakken iko a kan injin, zai dai yi maka gargaɗi cewa tsarin wasiƙa a kashe yake yana karanto layin kai tsaye.

A hanya in faɗa wa masu Debian 12, in kun nemi /var/log/mail.log baku gani ba ba ɓata ya yi ba, tun fitowarta a 2023 ba a saka rsyslog mai rubuta fayil ɗin da kansa, sai dai journalctl ko ka girka shi da hannunka. Na ɓata minti goma a mota ina neman fayil ɗin da babu shi kafin na tuna.

Na tace rajistar da kalmar sasl_username sai ga sunan akawun ɗin ya fito reras sau dubbai, na ɗaya daga yaran shago ne. Daga baya na tambaye shi kalmar sirrin da ya saka, sunan shagon ne da 123 a ƙarshe, kuma ita ce dai yake sakawa a ko ina. Ban yi masa faɗa sosai ba don laifina ne da na bar kowa ya zaɓi abin da ya ga dama, ban kuma saka iyakar adadin wasiƙar da akawun ɗaya zai iya aikawa a awa ba. Na canza ta nan take. Wajen share layin ne na bi a hankali, akwai jarabar mutum ya buga postsuper -d ALL ya huta, amma a cikin sharar nan akwai wasiƙu na gaske, na samu guda uku, ɗaya ma rasit ne Kawu ya tura wa wani mai saye da safiyar ranar. Na riƙe duka, na duba waɗanda nake zargin na kirki ne da postcat -q da lambarsu, na sake su ɗaya ɗaya da postsuper -H, sannan na goge ragowar da postsuper -d ALL hold. Haka nayi a gida haka nayi a zaure. Kafin in gama an kira la'asar, masa kuma ta daɗe da ƙarewa.

Yanzu maganar da ƙanina ya yi, ba zata jira ba? Zata jira mana. Wannan shine abin da na fi so mai ƙaramar sabar irin tawa ya gane, imel abu ne mai haƙuri tun asalinsa. Ƙa'idar SMTP da ke cikin RFC 5321 ta shekarar 2008 ta ce in mai aikawa ya zo bai samu mai karɓa ba ya ajiye ya sake gwadawa, kuma kar ya fid da rai sai bayan aƙalla kwana huɗu zuwa biyar. Postfix ma haka ya zo, maximal_queue_lifetime ɗinsa kwana biyar ne, yana fara sake gwadawa bayan sakan 300 yana ƙara tazara har ta kai sakan 4000. Ni kuwa da ma ina da zaure mai karɓa ya ajiye min. Wajen awa ɗaya da rabi gidan ya yi a rufe kuma ko wasiƙa ɗaya bata ɓata ba, ina buɗewa na buga postqueue -f suka shigo a jere. Da na bar yaron ya gama kallonsa, kai da na bari har in dawo da daddare ma, ba abin da zai faru illa Kawu ya kasa buɗe imel a wayarsa na yini guda.

Abin da ke ɓatar da wasiƙa ba sabar da ta mutu bace, sabar da ke raye tana ba da amsar banza ce. In injinka a kashe yake ko ya amsa da lamba mai fara wa da 4, mai aikawa zai ce toh na dawo anjima. In kuwa ya amsa da mai fara wa da 5, misali 550 babu mai wannan sunan a nan saboda kana tsakiyar gyara fayil ɗin sunaye bai karantu ba, shikenan an mayar wa mai ita ba za a sake gwadawa ba. Shi yasa ni a ganina in zaka yi aiki mai taɓa cikin sabar gara ka rufe ƙofa gaba ɗaya da ka barta a buɗe rabi da rabi. Akwai ma soft_bounce = yes a Postfix da ke mayar da duk amsar 5 ta koma 4 na ɗan lokaci, ina kunna shi duk ranar gyara, sai dai a tuna a kashe in an gama.

Wahalar da ta biyo baya ba ta inji bace, ta suna ce. Adireshin zaure ya shiga jerin baƙi guda biyu, sai da na cika fom na bayyana abin da ya faru da gyaran da nayi aka cire shi, kuma kusan sati biyu wasiƙun Kawu na faɗawa akwatin shara a wajen wasu masu sayensa. Tun Fabrairun 2024 da Gmail da Yahoo suka ƙara tsaurara sharuɗɗan SPF da DKIM da DMARC na tantance mai aikawa ƙaramin mai aikawa ba shi da wurin yin kuskure da yawa, ni kuma duka ukun nawa daidai suke, wanda hakan ke nufin sharar ta fita da cikakkiyar shaida cewa daga gare ni take.

Bayan wata guda na tashi canza wa laftof ɗin hadis, wato ma'ajiyar bayananta, zuwa SSD, aikin da dole a tsayar da shigowar wasiƙa don kar ina kwafe akwatuna da rsync sababbi na faɗowa a tsohon wuri. Wannan karon ina zaune a ɗakin, amma tunda allon a fashe yake da SSH ɗin dai nake shiga daga wata kwamfutar ta rautar gida. Abu na farko da nayi shine echo $SSH_CONNECTION in ga ta wane adireshi na shigo, sannan ip route get da adireshin kwamfutar da ke hannuna, ya nuna min dev enp2s0, toh ita ce ba a taɓawa. Wadda ya dace a rufe ita ce wg0, na buga wg-quick down wg0, duniya ta daina ganin laftof ɗin zaure na tara min wasiƙu ni kuma ina ciki ina aikina. Shekara uku ina da wannan tsarin sai a ranar na lura ashe rufe sabar daga duniya layi ɗaya ne.

Duk da haka akwai ranar da dole sai ka kashe ainihin kebul ɗin, misali zaka canza adireshi ko rauta. Na zauna na gwada hanyoyin a natse ranar da ba abin da ke ƙonewa, kuma kowace da halinta. ip link set enp2s0 down ya fi sauri amma yana tafiya da hanyoyin da ke bin ta ƙofar, in ka dawo da ita da up adireshin IPv4 na nan amma babbar hanyar fita zuwa rauta bata dawowa da kanta a tsari irin nawa na adireshi tsayayye, sai ka ga kana iya taɓa rauta amma baka iya fita intanet ka yi ta zargin kamfanin layi a banza. In kuma ka ce bari in gyara da ifup sai yace maka already configured, don shi a littafinsa bai san an kashe ba tunda ba ta hannunsa aka bi ba, sai ka haɗa masa da --force. Don haka a Debian mai fayil ɗin interfaces na koma ifdown da ifup kawai, da wanda ka rufe da shi zaka buɗe. Masu NetworkManager su kuma nmcli device disconnect ne nasu, in suka yi amfani da ip link suna iya ganin abin ya yi ta gardama da su. ifconfig kuwa da muka koya a da, sabbin Debian ko zuwa da shi basa yi sai ka girka net-tools.

Sannan kafin in kashe komai daga nesa yanzu sai na fara ɗaura agogon da zai buɗe min.

sudo systemd-run --on-active=10min /sbin/ifup --force enp2s0

Wannan ko SSH ɗina ya yanke ba ruwansa, systemd mai kula da ayyukan injin ne ke riƙe da shi, bayan minti goma zai buɗe ƙofar ko ina nan ko bana nan. Wasu na rubuta umarnin kashewa da sleep da na kunnawa a layi ɗaya, yana yi wani lokacin, amma in zaman SSH ɗin ya mutu a tsakiya yana iya tafiya da sleep ɗin, sai dai in a cikin tmux ka yi, wato manhajar da ke riƙe aiki ko an yanke. Akwai kuma babbar guduma, shutdown -r +15, in komai ya tafi daidai ka soke da shutdown -c in kuma ka kulle kanka injin ya yi ributin da kansa ba sai an taso wani daga gidan kallo ba. Abu ɗaya da ya taɓa ruɗa ni da ita, saura minti biyar lokacin ya cika take hana duk wanda ba root ba shiga, na zo zan soke a minti na goma sha biyu aka ƙi karɓata sai da na zauna na jira ta gama.

Postfix ɗin ma na gyara masa, na saka masa sharaɗi a systemd ya jira wg-quick@wg0 ta tashi kafin shi. Na saka fail2ban mai toshe masu yawan gwada kalmar sirri, na saka iyakar aikawa. Da damina kuma in hadari ya haɗo daga gabas ana walƙiya, ba na buga wani umarni, tashi nake in zare kebul ɗin da caja da hannuna, tsawa ta taɓa cinye min fot ɗin rauta guda a gidan nan, wasiƙu su jira a zaure har ruwa ya ɗauke.

Ita kuwa maifai na sayi wata ta tafiya, tsohuwar na ɗaure ta da roba a jikin ƙafar kabad. Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan abin na je Tudun Hatsi na canza wa kowa kalmar sirri da kaina, dogaye masu haruffa ashirin. Kawu ya karɓi wayarsa ya duba takardar da na rubuta masa ya juya ta ya sake dubawa yace "kai ɗan nan, wannan ai sai ka ce lambar injin mota, wa zai haddace?" Nace Kawu ba sai ka haddace ba wayar ta riƙe, takardar kawai ka ɓoye a gida. Yace toh Allah ya yi albarka. Da na koma bayan kwana uku karɓar wake na tarar da ita manne da salatif a jikin bango saman sikeli, kusa da lambar akawun ɗin da masu taransifa ke dubawa.